Mai Riƙe da Igiya

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Yau muka fara darasin da 'yan aji biyu suka yi ta tsorata mu da shi: Gabatarwa ga Injiniyancin Sarrafa Kaya a Masana'antu. Sunan kaɗai ya ci mini layi biyu. Malamin kuwa Shiga-da-Fita suke ce masa, ban gane dalili ba sai da ya juya wajen allo. Ya zana akwati, ya ja kibiya ta shiga, ya ja wata ta fita, ya ce, "Ga masana'anta nan. Duk abin da ya shiga, ko dai ya fita, ko ya taru a ciki. Babu abin da ke ɓacewa. In lissafinku ya nuna wani abu ya ɓace, to ku ne kuka ɓace." Darasin ya yi mini daɗi har na manta da yunwa.

Na dawo gida ina ta rawar kai, na tarar da Yaya yana wanke babur ɗinsa. Tun da na samu gurbin karatun nan ya ajiye sunana, sai dai Injiniya. Ya ce, "To Injiniya, zana mana namu kamfanin mu gani, in kin isa." A kamfanin fata yake aiki tun ina firamare. Na zana masa a bayan kwalin sabulu: ɗanyar fata da ruwa da sinadarai suna shiga, fata mai laushi tana fita, ruwan dauɗa yana gangarawa cikin tankuna uku da aka gina a ƙarƙashin ƙasa. Na tambaye shi me ke taruwa. Ya ce baƙin taɓo, a gindin tankunan, kuma injin da ke zuƙe shi ya mutu, don haka da shebur da bokiti za su kwashe, tanki ɗaya duk ranar Asabar.

Umma ta ɗago kai daga ɗinkinta ta ce, "Kai za ka shiga?"

"Ni? Umma, dubi tumbin nan. Sai na yi ta matse ciki kafin in wuce ta bakin tankin. Siriri ne zai shiga, ni igiya zan riƙe masa daga sama."

Siriri amininsa ne, tare suka tashi, tare suka nemi aikin, a gidan nan yake cin rabin abincinsa. Umma ta ce yau dai ƙibar Yaya ta yi rana, muka yi ta dariya.

Alhamis, ƙarfe ɗaya na rana

Ina zaune a bayan ɗakin karatu, na kasa shiga.

Yau Malam bai zana akwati ba. Ya ce kafin mu koyi gina masana'anta sai mun san wuraren da take kashe mutane. Na farko tanki, da rami, da duk wurin da ƙofarsa ƙarama ce kuma iska ba ta ratsa shi. Ya ce taɓon ruwan dauɗa yana haifar da wata iska mai guba. In kaɗan ce, warin ruɓaɓɓen ƙwai take yi. In ta yi yawa sai ta kashe hancin mutum tukuna, ya daina jin komai, ya zaci wurin ya gyaru. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka a ƙasa take kwanciya, kuma da an sa shebur an motsa taɓon sai ta taso gaba ɗaya.

Ina rubutawa ina ce wa raina, ai Yaya a sama yake. Sai ga Malam ya ajiye alli ya ce, "Ku lura da wannan. Sau da yawa ba gawa ɗaya ake fitowa da ita ba. Na ciki ya faɗi, na waje ya ga ɗan'uwansa a kwance ya faɗa ciki, shi ma ya kwanta. Mai riƙe da igiya aikinsa ya ja, ya yi ihu. Ba ya shiga, ko ubansa ne a ciki."

Wani a baya ya ce, "Malam, ko budurwarsa ce?" Aji ya ɗauki dariya. Ni ban yi dariya ba, don na san Yaya. Mutumin da ya taɓa faɗawa kwata saboda kyanwar maƙwabta.

Alhamis, bayan cin abincin yamma

Na tambayi Yaya yadda suke gane tankin ya yi lafiya. Ya ce ai abu mai sauƙi, tun kafin a haife ni haka ake yi: a buɗe murfi da sassafe, a bar shi ya sha iska, can Siriri ya zura kai ya shinshina. In warin ya kwanta, sai a shiga.

In warin ya kwanta.

Na faɗa masa duk abin da Malam ya ce, har na ɗauko littafina. Ya saurare ni yana sakace, ya ce, "Sati ɗaya a jami'a, har kin fara koya mana numfashi. In kin gama kuma ai sai mu nemi izininki kafin mu yi atishawa." Na ce ina na'urar auna iska? Ya ce an kai ta gyara tun bara. Fankar da ke hura iska a ciki fa? Ya ce foman, wato shugaban aikinsu, ya ce tana hanya. Na yi tsaki, ya ce in sake yi masa tsaki in gani. Na shige ɗaki na bar masa wajen.

Asabar, da safe

Sun tafi. Na wanke kayan da na riga na wanke jiya.

Asabar, ƙarfe shida na yamma

Ya dawo. Shi da Siriri suka shigo suna wari kamar bola, suna dariya, Yaya yana cewa, "Ga gawarwakin sun iso, Injiniya, a ba su ruwan wanka." Ashe har ya ba shi labari. Umma ba ta gane ba, ta ce wane irin wasan banza ne wannan, na ce ba komai.

Da Yaya ya shiga wanka sai na tsare Siriri a tsakar gida. Shi bai yi mini dariya ba, ko da yake da wasa ya fara. Ya ce, "Ƙanwata, wannan hancin da kike gani ya fi na'urarku tsada, gado ne." Na ce masa hancin ne ke fara mutuwa. Ya sosa ƙeya, ya ce zai sake yi wa foman maganar fanka. Ya ce in shi bai shiga ba wani za a kawo daga bakin titi, wanda ko tsanin sauka cikin tankin bai sani ba, shi kuma a ce ya koma gida ya kalli matarsa da jaririyarsa. Sati ɗaya nake da shi a jami'a, gaskiyar Yaya ce.

Talata, da rana

An ba mu aikin gida, tanki mai bututu biyu, a nemo yawan gishirin da ke fita. Na yi shi daidai, ni kaɗai a layinmu. Ban ji daɗin komai ba.

Wataƙila ni ce mai zuzuta abu. Sun shiga sun fito lafiya. Shekara da shekaru suna shiga suna fitowa. Wataƙila wanda ya fara karatu haka yake, ya ga aljani a kowane rami.

Laraba, ƙarfe huɗu

Na je ofishin Malam. Na yi ta zagaye-zagaye, na ce wai wata ƙawata ce wanta ke aiki a wani wuri. Ya cire gilashi ya dube ni, ya ce, "Wannan ƙawar taki, ta faɗa wa wanta kada kowa ya shiga sai an auna iskar, an hura sabuwa, kuma akwai tukunyar iskar shaƙa a kusa. Wane kamfani ne?"

In na faɗa, aka je, aka gano daga gidanmu maganar ta fito, Yaya ne zai rasa aiki. Na ce zan tambaye ta.

Daga nan na sauka ɗakin gwaji. Akwai na'urar a cikin kabad na gilashi, 'yar rawaya, ba ta fi waya girma ba. Mai kula da ɗakin ya ce ba ta fita ko nan da ƙofa, kuma ma an daɗe ba a saita ta ba, in ta yi ƙarya wa zai ɗauki alhaki? Na tsaya ina kallonta har ya ce zai kulle.

Asabar, ƙarfe bakwai na yamma

Ya dawo. Shi kaɗai.

Bai yi wasan gawa ba yau. Ya ce Siriri ya wuce gida, kansa na ciwo. Ya zauna da abinci a gaba yana juya cokali. Umma ta ce ko gishiri ya yi yawa, ya ce a'a, gajiya ce.

Lahadi, da hantsi

Zoben azurfarsa ya yi baƙi.

Yana bakin famfo yana gurza shi da toka na gani, baƙi ƙirin, zoben da jiya da safe yake walƙiya. Malam ya faɗa mana wannan ma: iskar nan tana baƙanta azurfa. Kuma Yaya a sama yake, a bakin tanki. In a sama ta yi wa zobe haka, ina ga ƙasa?

Na tsuguna kusa da shi na ce, "Yaya, me ya faru jiya?"

"Ba komai."

"Siriri fa?"

Ya ci gaba da gurza. Can ya ce, ƙasa-ƙasa don kada Umma ta ji, "Jiri ne ya ɗebe shi a kan tsani. Na jawo shi, ya sha iska, ya warware. Shi ke nan."

"Da bai warware ba fa? Da igiyar ba ta zo ba?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi ko yana da uwa. Ya ce, "Sai in tsaya ina kallo?"

Saura tanki ɗaya, kuma shi ne mafi zurfi. Shi ne wanda ruwan ke fara faɗawa.

Litinin, da yamma

Na koma wurin Malam na faɗi sunan kamfanin, na ce ba ƙawata ba ce, ni ce. Ya ce ai ya sani. Ya buga waya a gabana, ya yi magana da wani injiniya a can wanda ya ce ɗalibinsa ne a da. Na ji yana ta cewa to, to, madalla. Ya ajiye ya ce sun yi alkawarin kawo na'ura kafin Asabar. Na tambaye shi in ba su kawo ba fa? Ya ce zai sake kira. Yana faɗa yana neman takardun jarrabawar gwajin da zai yi mana, wadda aka ɗage zuwa safiyar Asabar ɗin saboda rashin ɗaki.

Laraba, da safe

Ba su kawo ba. Yaya ya ce foman yana ta tambaya wane mai dogon baki ne ya kai su ƙara jami'a. Bai kalle ni ba da yake faɗa.

Alhamis, ƙarfe biyar

Na gaya wa Umma.

Na san abin da nake yi. Siriri ba ɗanta ba ne, ba ta da ikon hana shi, ni ma na yi iyakar yina da shi. Amma Yaya bai taɓa tsallake maganarta ba tun rasuwar Baba. Na zaunar da ita na zana mata tankin, na nuna mata inda iskar ke kwanciya, na faɗa mata zancen zobe da jiri da abin da ke samun na waje. Ba ta katse ni ba ko sau ɗaya. Da ta ji ƙarar babur sai ta naɗe ɗinkinta ta ajiye.

Ta ce ya bar aikin ranar. Ya ce in bai je ba wani za a ba igiyar, wanda bai damu da Siriri ba. Ta ce to ya je, amma ya rantse mata da Allah ƙafarsa ba za ta taka tsanin nan ba, kome ya faru.

"Umma, kin san me kike sa ni?"

"Na sani."

"Siriri ne fa. Wanda kike zuba wa abinci."

"Na san shi tun yana yawo ba wando. Ka ja shi da igiya, ka tara masa jama'a. In ka shiga ban yafe ba, duniya da lahira."

Ya rantse. Muryarsa ko fita ba ta yi sosai. Da zai wuce ta gabana ya tsaya ya ce, "Kin kyauta, Injiniya." Ban taɓa jin sunan nan da ɗaci haka ba. Na yi kuka, amma hankalina ya ɗan kwanta, kuma ina jin kunyar kwanciyar da ya yi.

Juma'a

Yaya ba ya yi mini magana. Na kira wayar Siriri, na ce don Allah gobe ya ce ba shi da lafiya. Ya ce, "Ƙanwata, na ƙarshe ne. Zan ɗaura tsumma a hanci." Na ce tsumma ba ya tare ta. Ya ce to zai ɗaura biyu, ya yi dariya, jaririyar na kuka a bayansa.

Asabar, ƙarfe sha biyu

Tambaya ta farko a jarrabawar tanki ce. Ruwa yana shiga ta sama, yana fita ta ƙasa, a nemo abin da ya taru. Na zana akwatin. Na ja kibiyar da ta shiga. Na zauna ina kallonta har aka ce a ajiye biro.

Wayar Yaya tana ta ƙara ba a ɗauka. Ai hannunsa na kan igiya, shi ya sa. In ana aiki ba a ɗaukar waya. Shi ya sa.

Asabar, ƙarfe uku

Ba a ɗauka. Ta Siriri a kashe. Umma tana zaune a bakin ƙofa da mayafi a jiki, ba ta ce za ta je ko'ina ba.

Asabar, gab da faɗuwar rana

Ya dawo. Wani ne ya kawo shi a mota, babur ɗin na can. Tafin hannunsa duka biyu a naɗe da bandeji.

Ba zan rubuta sauran ba.

Lahadi

Mun je ta'aziyya gidan Siriri. Tabarmi har waje. Matarsa ta amsa gaisuwarmu, ta ce, "Ina yayanku? An ce shi ya jawo shi. Ku yi masa godiya." Umma ta karɓi jaririyar ta riƙe, ta kasa mayarwa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

A wajen maza kowa da nasa labarin. Wani ya ce igiyar ce ta sarƙe a jikin bututu. Wani ya ce na'urar ta iso, tana cikin mota ba a buɗe kwalinta ba. Wani ya ce sai da mutum huɗu suka kama tare da Yaya. Ban san wanne ne gaskiya ba, kuma wanda ya sani yana ɗaki a kulle.

Talata

Ban je makaranta ba. An rufe bayan kamfanin, wasu masu bincike da farar hular kwano suna ta zuwa. Malam ya aiko a ce mini zan iya sake jarrabawar. Yaya ya sha shayi rabin kofi.

Laraba

Fankar ta iso, in ji wanda ya kawo babur ɗin Yaya.

Juma'a, da hantsi

Yau ni na canza wa Yaya bandeji. Muka zauna a tsakar gida, na jiƙa auduga a ruwan ɗumi ina ɓamɓare na jiya a hankali. Igiyar ta kwashe fatar tafin gaba ɗaya, har tsakanin yatsu. Ko uhum bai ce ba. Tun ranar rantsuwar nan bai yi mini magana ba, don haka da na ji muryarsa sai da audugar ta faɗi.

"Ina ganinsa fa. Ba nisa. Ina ganin tafin ƙafarsa." Ya dubi hannuwansa. "Ƙafata ɗaya har ta hau tsanin."

Ban ɗago ba.

"Ke kika yi karatun. Kar ki lallashe ni, gaskiya nake so. Da na riƙe numfashi na sauka, na warware igiyar na hau, da na fito da shi?"

Umma tana bakin ƙofar ɗaki, na ji ta daina motsi. Na ɗago na kalle shi cikin ido, na ce, "A'a. Kafin ka kai ƙasa ka faɗi. Da mutum biyu aka binne ranar." Na faɗa da ƙarfi, ba gargada, yadda Malam yake faɗin abu a gaban allo.

Ya daɗe yana kallona. Sai kafaɗunsa suka sauka, ya kifa kai a gwiwa, ya yi kukan da bai yi ba tun ranar Asabar, hannuwansa a buɗe a sama don ko fuska ba zai iya rufewa da su ba. Da ya gama ya ce wa Umma yunwa yake ji.

Ban san zurfin tankin ba. Ban san yawan iskar da ke ciki ba, babu wanda ya auna. Ban san ko numfashi ɗaya zai isa mutum ya sauka ya hau ba. Ko wata ɗaya ban cika a darasin nan ba, ko jarrabawar farko ban ci ba. Ya yarda da ni ne kawai don ni ce na je jami'a, kuma in ya sake tambayata gobe, ko bayan shekara ashirin, abin da zan ce masa ke nan.